Ranar da Gimbiya Ta Zare Igiya

A ofishin da Mai Shara take aiki, hawa na biyu saman wani shagon katifu, akwai wata al'ada da kowane sabon ma'aikaci yake ɗauka wasa ce, sai ranar da ta faɗo kansa. Su takwas ne a wajen. Sana'arsu ita ce haɗa wasu 'yan ƙananan kwamfutoci, kowace ba ta wuce girman burodi ba, waɗanda ake kaiwa ƙananan asibitoci su riƙa ajiye bayanan marasa lafiya. Irin asibitocin nan da wuta take ɗaukewa ba sallama, ta dawo ba gaisuwa.

Ita kuwa kwamfuta, in ba ka sani ba, maƙaryaciya ce ta bugawa a jarida. Ka ce ta ajiye maka abu, kafin ka rufe baki ta rubuta maka "An gama", alhali ko kusa da faifai, wato ma'ajiyarta ta dindindin, ba ta kai shi ba. A ƙwaƙwalwarta take riƙe shi, shafi-shafi, don rubutu a faifai yana da nawa, ita kuma ba ta son a ce tana da nawa. Sai ta tara, ta tara, bayan daƙiƙa talatin ta kwasa ta juye. Tamkar mutumin da aka sa wanke-wanke ne, ya jiƙa kwanuka a baho ya ce ya gama. In wuta ta ɗauke kafin a juye, ƙwaƙwalwa ta manta komai, abinka ya bi iska. Shafukan da ba a kai faifai ba, 'yan sana'ar suna ce musu masu datti. Tunda kwashe su ne aikin matar da muke labarinta, sai aka laƙaba mata Mai Shara, sunan kuma ya bi ta, har mai katifun ƙasa ma da shi yake gaishe ta.

Wata bakwai ta yi tana fama da gyara guda a can cibiyar manhajar. Gyaran a baki ba shi da wuya. Na ɗaya, in faifai yana zaune ba aiki, a daina jiran talatin ɗin nan na banza, a fara juyewa tun daga shafin farko. Na biyu, kada a bari datti ya taru fiye da abin da faifai zai iya haɗiyewa cikin daƙiƙa biyar, in mai zubawa ya fi faifai sauri, a ja masa birki. A baki ke nan. A aikace kuwa, sau goma sha ɗaya tana rushewa tana sake gini.

To ga al'adar. Duk wanda ya taɓa wannan sashe, ba za a shigar da gyaransa cikin na'urorin da ake turawa asibitoci ba sai ya tsaya gaban kowa, ya zuba wani abu nasa a na'urar gwaji, abin da ba shi da kwafi ko'ina a duniya. Da allo ya nuna "An gama", a goge na asali, a ƙirga goma da ƙarfi, shi da hannunsa ya fizge igiyar wuta. Sai a sake kunnawa. In abin yana nan, gyara ya shiga. In babu, ka yi asarar abinka, ka koma kujerarka.

Kawu ne ya ƙirƙiro ta. Shi ne babba a ofishin, wani ɗan gajeren dattijo mai ɗora gilashi a goshi ya yini yana nemansa. Shekarun baya, wani gyara da ya yi ya zubar da bayanan allurar rigakafi na yini guda a wani asibiti. Da aka gaya masa, sai ya ce ai shafuka kaɗan ne. Sai wata malamar jinya ta asibitin ta tasa shi gaba kwana uku suna bin gida-gida, suna tambayar iyaye mata wane yaro aka yi wa, wane ba a yi wa ba. Tun daga nan bakinsa bai ƙara furta shafuka kaɗan ba, kuma ya rantse ba wanda zai ƙara taɓa wurin nan sai ya ji a jikinsa.

An yi asara a gwajin nan, kuma an yi dariya. Dogo, wanda teburinsa yake kusa da na Mai Shara, ya taɓa zuba waƙar da ya shafe wata biyu yana tsara wa yarinyar da zai aura. Aka ƙirga, ya fizge, aka kunna, wayam. Har gobe matarsa tana cewa ita kaɗai ce ta ci ribar wannan gwaji.

A gida kuma Mai Shara tana da wata damuwar da ba ta cika faɗa ba. 'Yarta ɗaya tak, wata goma sha bakwai, ko taku ɗaya ba ta taɓa yi ba. Sa'o'inta suna guje-guje suna fasa kofuna, ita tana zaune daram a tabarma, in tana son zuwa wani wuri sai ta ɗaga hannu biyu a ɗauke ta. Shi ya sa ubanta, wanda tela ne mai ɗinki a gida, ya sa mata Gimbiya. Likita ya duba ƙafa, ya duba baya, ya ce lafiyarta lau, ganin dama ne ba ta yi ba. A gaban mutane Mai Shara takan yi dariya ta ce ai sarauta ce. Amma kullum ta dawo aiki, kafin ma ta cire mayafi, sai ta durƙusa ta buɗe hannu tana "taho, taho", Gimbiya kuwa ta dube ta, ta ɗaga nata hannun. Abin yana ci mata rai, gaskiya.

Ranar gwajin ta fita da wuri. Ta tuɓe silifas ɗinta na gida a bakin ƙofa, ta zura takalmin fita, ta sumbaci Gimbiya da ke tabarma tana yaƙi da wani murfin tukunya. Tela ya ɗago daga keken ɗinki ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Maman Gimbiya. Ki nuna musu."

Ƙarfe goma aka taru a ɗakin gwaji. Ɗaki ne tsukukku, tebur ɗaya dogo, na'urar tana kai, siririyar igiyarta ta sauko ta gefen tebur tana lilo. Mai Shara, wadda tun isowarta ofis ta kashe wayarta ta jefa a jaka, ta miƙa wa Kawu ɗan katin ajiya.

"Mene ne a ciki?" in ji Kawu.

"Duk rubuce-rubucen da na yi na aikin nan, Kawu. Wata bakwai. Babu su ko'ina."

Ya jujjuya katin. "In suka ɓace, za ki yi kuka?"

Ba ta iya ƙarya ba, ita ce matsalarta tun tana yarinya. "Zan ji haushi dai."

"Haushi!" Ya mayar mata da katin. "Ni kullum cikin haushi nake, me ya rage ni da shi? Abin da zai sa ki kuka muke so. Je ki nemo. Motar kaya jibi za ta tashi da na'ura ɗari biyu, in ba a yi gwajin yau ba, da tsohuwar manhaja za su tafi, naki ya jira zagaye na gaba."

Zagaye na gaba kuwa wata shida ne. Tana tsaye tana lalube a ranta, me take da shi a duniya wanda ba ta yi wa kwafi uku ba, ita da ko hoton rasit sai ta adana shi wuri biyu, sai aka ji ana hawowa bene da gudu, ana haki, ana kwala sallama tun daga ƙasa. Ƙofa ta buɗe. Tela ne, tef ɗin awo a wuya, zare a gemu, takalmi wari da wari, Gimbiya a kafaɗa.

"Ta taka!" ya ce. "Maman Gimbiya, ta taka! Wallahi ta taka!"

Mai Shara ta dafe tebur. "Baban Gimbiya, kar ka yi mini wasa."

"Wasa? Na bar wandon mutane a ƙarƙashin allura na taho, ki ce wasa? Taku biyar! Na kira ki ya fi sau goma, wayarki a kashe. Ga shi nan na ɗauka." Ya zaro tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi yana kaɗa ta a sama.

Ɗaki ya kaure. Dogo ya karɓi Gimbiya ya ɗaga ta har tana taɓa silin, ana ta barka, ana ta masha Allah. Mai Shara dai dariya take yi, ta miƙa hannu za ta karɓi wayar. Sai muryar Kawu ta ratso a hankali.

"Malam Tela, ka tura wa wani?"

"Haba, ranka ya daɗe! Uwarta ba ta gani ba in tura wa wa? Ko kakarta ban gaya wa ba."

"Wato a nan kaɗai yake."

"Nan kaɗai."

Kowa ya gane inda Kawu ya dosa, ban da Tela, wanda yake ta murmushi yana kallon fuskoki. Dogo ya ja shi gefe ya yi masa bayanin al'adar tun daga farko, har da labarin waƙarsa, wanda ba a tambaye shi ba. Shi kansa Kawu da ya ga fuskar Mai Shara sai ya ja da baya.

"A'a, a bar shi," ya ce. "Wannan ya yi nauyi. Ban taɓa tilasta wa kowa irin wannan ba."

Amma Tela ya riga ya buɗe ƙirji. "Ranka ya daɗe, wata bakwai ina cin abinci ni kaɗai saboda aikin nan. Matar nan ko maɓalli ba ta taɓa ɓatar mini ba. In ita ta ɗinka abin, ba zai warware ba. Ga waya."

Kai, mutumin nan! Mai Shara ta dube shi, ta rasa ko ta rungume shi ko ta make shi. Shi bai san komai game da shafuka ba, bai san faifai ba, ita kawai ya sani. Abin ya yi mata daɗi har cikin ƙashi, kuma ya ba ta tsoro. Ta tuna na'ura ɗari biyun nan. Kowace za ta je hannun wata malamar jinya da za ta zuba abin da ba shi da kwafi, ta ga "An gama", ta yarda. In ita da ta rubuta abin ba za ta iya yarda da shi ba, da wane ido za ta ce wa wasu su yarda?

"A zuba," ta ce.

"Ki fara kalla tukuna," in ji Dogo. "Ko da dai."

"A'a. In na kalla yanzu, hannuna ba zai iya fizge igiyar nan ba."

Kawu ya gyaɗa kai, ya buɗe aljihun tebur, ya zaro wani tsohon faifai da aka ɗaure da roba. Duk ofishin an san shi, Kunkuru ake ce masa. A cikin duk faifan da suka taɓa turawa asibitoci babu mai nawarsa, kuma da shi ake kowane gwaji, don Kawu ya ce gwaji da faifai mai sauri yaudarar kai ce.

Kunkuru bai ba ta tsoro ba, ta gwada gyaranta a kansa sau dubbai. Amma Dogo yana jona wayar, girman bidiyon ya fito a allo, sai gabanta ya faɗi. Duk gwajin da ta yi, da ƙananan fayiloli ta yi, irin na asibiti, suna da shekaru da nauyin jariri. Ba ta taɓa ɗura wa Kunkuru ƙaton abu guda a tashi ɗaya ba. Gyaranta kuma sai ya auna saurin faifai tukuna kafin ya san inda zai ja birki, ga shi yanzun nan aka jona faifan, bai auna komai ba. In ya ɗauka Kunkuru mai sauri ne, zai bari datti ya taru, daƙiƙa goma ba za ta isa a kwashe ba. Wata bakwai, ba ta taɓa tunanin wannan kusurwar ba sai yanzu da takun 'yarta yake kan hanya. Ta buɗe baki za ta ce a dakata, Dogo ya riga ya danna.

Layin da ke nuna ci gaba ya zabura da gudu, ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙiftawar ido. Sai kuma ya yi turus, ya fara jan ƙafa.

"Ya tsaya?" in ji Tela. "Ya lalace ne?"

"Birki ne," ta ce, muryarta can ƙasa. "Ya gane da wa yake tafiya."

Ya gane, amma ya gane da wuri ko a makare, wannan ba wanda ya sani. 'Yar fitilar da ke jikin faifan tana ta ƙyafta ido, alamar ana rubutu. Layin ya rarrafa, ya rarrafa, ya kai ƙarshe. "An gama." Dogo ya danna gogewa, irin gogewar Kawu da ba a dawo da ita, bidiyon ya ɓace daga wayar Tela. Tela ya leƙa wayarsa, ya ga wurin fayau, a lokacin ne murmushinsa ya ɗan ragu. Ya sauke Gimbiya a ƙasa kusa da ƙafar kujera don ya samu hannun ƙirga.

"Ɗaya!" in ji ɗaki gaba ɗaya.

Mai Shara ta tsaya a ƙarshen tebur, idonta a kan fitilar. Tana ƙyaftawa.

"Biyu!"

Tana ƙyaftawa. Ya Allah.

"Uku!"

A kan huɗu sai ta ji muryoyi sun ragu. A kan biyar Kawu kaɗai ne yake ƙirga, don gilashinsa yana goshi, ba ya ganin abin da sauran suke gani. Dogo ya damƙi hannun rigarta yana nuna ƙasa, bakinsa a buɗe. Ta cire ido daga fitilar ta duba.

Gimbiya ce a tsaye. Ta saki ƙafar kujera, ta ware hannuwa, ta turo ciki gaba, tana tahowa wajen uwarta. Taku ɗaya. Taku biyu, tana tangaɗi tana dariya da haƙoranta shida. Mai Shara ta manta da faifai, ta manta da Kawu, ta zube a gwiwa ta buɗe hannu. A taku na uku ƙafa ta gurɗe, Gimbiya ta lalubi abin kamawa, hannunta ya faɗa kan siririyar igiyar da ke lilo a gefen tebur. Ta riƙe ta gam, ta zauna daɓas.

"Shida!" in ji Kawu.

Allo ya yi baƙi ƙirin.

Gimbiya ta ɗaga igiyar tana nuna wa jama'a, tana jiran a yaba mata. Kawu ya sauko da gilashinsa kan hanci, ya dubi allo, ya dubi yarinya, ya ce, "Ikon Allah. Wa ya ɗauki yarinyar nan aiki?"

Mai Shara ta sure 'yarta ta ƙanƙame, ta cusa fuska a wuyanta. Ta gani da idonta, 'yarta tana tafiya, ƙafafun nan biyu lafiya lau, wani dutse da ya yi wata biyar a ƙirjinta ya sauka. Amma na farkon fa? Taku biyar ɗin da aka yi ba ta nan, wanda ba za a sake yin sa ba har abada? Ba ta san ko fitilar ta daina ƙyaftawa kafin a zare ba. A daidai lokacin ta kau da ido.

"Wannan ba ya cikin lissafi," in ji Kawu a hankali. "Goma muka ce, ba shida ba. In babu, ba laifin gyaranki ba ne, za a sake."

"Gwajin za a sake, Kawu," ta ce. "Bidiyon fa?"

Tela ya durƙusa kusa da ita, ya zare igiyar daga hannun Gimbiya da lallashi, ya miƙa wa matarsa. "Ke za ki mayar. Ni dai na ce ba zai warware ba."

Ta jona. Na'urar nan kullum minti ɗaya take ɗauka ta tashi, amma ranar kowa ya rantse ta yi kwatan awa. Rubutu ya gudana a allo, ya tsaya yana duba faifai, ya ci gaba. Dogo ya zauna, ya goge tafin hannunsa a wando, ya buɗe jakar gwaji.

Fayil ɗin yana nan.

"Kar kowa ya yi ihu," in ji Mai Shara. "Suna ba komai ba ne, yana iya zama fanko. Duba girma."

"Daidai yake."

"Duba lambar tantancewa."

Lambar nan doguwa ce, an ɗauke ta tun bidiyon yana waya, kuma ko ɗigo ɗaya ya ɓace a ciki sai ta canza. Dogo ya jera ta farko da ta yanzu, ya bi su da yatsa harafi-harafi, leɓɓansa suna motsi. Da ya kai ƙarshe sai ya miƙe, duk tsawonsa, ya ɗaga hannu biyu har ya bugi fitilar silin.

"Iri ɗaya!"

Ihun da aka yi sai da mai katifu ya hawo da gudu yana tambaya ko gobara ce. Tela yana ta zagaya tebur yana gaisawa da kowa sau bibbiyu, yana cewa, "Ban gaya muku ba? Ban gaya muku ba?" kamar shi ya rubuta. Gimbiya ta tsorata ta fashe da kuka, ta ga kowa yana dariya, ta fasa.

Kawu ya buga tebur. "Gyara ya shiga. A zuba shi a duk ɗari biyun kafin jibi. Kuma daga yau ƙirga shida ce, tunda an nuna mana ana iyawa."

"Haba Kawu!" in ji Dogo. "Ni da ko goman ban tsallake ba?"

"Sai ka fara sabuwar waƙa."

Da hayaniya ta lafa, aka jawo wa Mai Shara kujera gaban allo, Gimbiya a cinyarta. Dogo ya danna.

Silin ɗin falonsu ne ya fara fitowa, sai babban yatsan Tela ya rufe rabin hoto, sai ga tabarma da murfin tukunya. Gimbiya tana tsaye a tsakiyar ɗaki, ba ta riƙe komai ba. Muryar Tela ta fito daga bayan waya: "Yauwa! Yauwa 'yar albarka! Taho wajen Baba, taho!" Hannunsa ya shigo hoton yana yafito ta.

Gimbiya ko kallonsa ba ta yi ba. Ta juya masa baya, ta nufi ƙofa. Ɗaya, biyu, ta tsaya ta yi lilo, uku, huɗu, biyar, ta zauna daɓas a bakin ƙofa, daidai inda silifas ɗin uwarta suke. Ta ɗauki wari ɗaya da hannu biyu, ta buga shi a jikin ƙofar, ta sake bugawa. Sai ta ɗaga kai ta dubi mariƙin ƙofa ta ce, "Mama."

Nan bidiyon ya ƙare.

Mai Shara ta yi kuka, kuka sosai, da hawaye da majina, tana dariya a ciki, ba ta damu da wanda yake kallo ba. Duk tsawon watannin nan tana zaton yarinyar ba ta ma lura da fitarta ba. Ashe ranar da ta ga damar tafiya, bin ta ta yi.

"Kin ga irin rashin adalcin da ake mini," in ji Tela, shi ma yana goge ido da tef ɗin awo. "Ni ke goyo, ni ke dama koko, ranar tafiya a ba ni ƙeya."

Kawu ya cire gilashinsa yana gogewa da gefen riga, ya daɗe yana gogewa. "Na ce abin da zai sa ki kuka," ya ce. "Ban ce ki sa mu duka ba. Tashi ki tafi gida, yau kin gama."

Ta miƙe, ta share fuska da mayafi, ta saɓa jaka. Har ta kai ƙofa ta juyo. "Dogo, kwafi uku. Ɗaya a wayar Baban Gimbiya, ɗaya a tawa, ɗaya a wajen kakarta. Kuma ba zan fita ba sai na ga fitila ta daina ƙyaftawa."

Suka tsaya su uku a bakin ƙofa suna jira. Ta sauke Gimbiya ƙasa, ta ja baya taku biyu, ta durƙusa ta buɗe hannu. "Taho, a nuna wa Kawu, shi bai gani da kyau ba."

Gimbiya ta dube ta, ta dubi Kawu, ta zauna daram a kan tayil, ta ɗaga hannu biyu sama. Na yau ya isa. Mai Shara ta yi dariya ta sunkuya ta ɗauke ta, kuma har suka sauka bene suka wuce shagon katifu ba ta yarda ta miƙa wa uban ba.